Bahagon Cikin Zane

Bara'atu tana durƙushe gaban zanenta, tana gyara kofaton doki da siririn buroshi, ta ji tsayawar mota a ƙofar gida. Ba ta ɗaga kai ba. Ranar Asabar ce kaɗai take samun shiga wannan ɗakin tun da hantsi, sauran kwanakin tana makarantar 'yan mata inda take koyar da zane.

Ɗakin tsohon shagon mahaifinta ne, Malam Abubakar Sadiƙ, a gidansu na Gusau. Shekara biyu ke nan da ta dawo gidan, tun da ta fita takabar mijinta Sahabi, ita da 'yarsu Aziza wadda yanzu ta cika shekara biyar.

Zanen babba ne, na fentin mai, faɗinsa ya kusa cinye bango. Lilon nan ne mai juyawa na wurin wasan yara, da dawakansa na roba, kowanne sandar ƙarfe ta ratsa bayansa. Sallar ƙarshe da Sahabi ya yi a duniya can ya kai su, ya ɗora Aziza kan farin doki yana riƙe da ƙugunta, Bara'atu ta ɗauke su hoto a waya. Daga hoton ta fara zanen, don yarinyar ta tashi da abin tuna ubanta.

Aziza ce ta sauya tsarin. Wata rana ta leƙo ta ce ita dokin gaske take so, mai numfashi. Sai Bara'atu ta goge ɗaya daga cikin na robar, ta sa jan doki mai rai yana zagaye tare da su. Ƙafafunsa suka gagare ta. Abokiyar aikinta Luba ta ce yayanta Uwaisu horar da dawaki yake yi a Bungudu, ta zo su je ta ga yadda doki ke ɗaga ƙafa.

Wata takwas ke nan da zuwan farko. Watan jiya Uwaisu ya turo manyansa wurin Malam neman aurenta, Malam ya ce a ba shi lokaci.

"Umma! Umma! Iya ta zo, ita da Baffa Abdulrasheed!"

Buroshin ya kuɓuce daga hannun Bara'atu. Kafin ta jawo zani ta rufe zanen, Aziza ta riga ta shigo tana janye da hannun kakarta.

Iya Zulai, mahaifiyar Sahabi, ba ta cika barin Tsafe ba sai da babban dalili. Bara'atu ta zube ƙasa ta gaishe ta. Tsohuwar ta amsa a daƙile tana toshe hanci da gefen mayafi saboda warin kananzir ɗin wanke buroshi.

"Wanga shi ne aikin da ɗiyar ke ba ni labari a waya? Ta ce kina zana min ubanta. Ni ban son zanen mai rai, amma na ce bari in zo in ga fuskar ɗana."

Ta matsa kusa. Ta daɗe tana kallo.

Ga Aziza nan kan farin dokin, har da jan ɗankwalin da ta ɗaura ranar. A gefenta, inda Sahabi ya kamata ya tsaya, babu komai sai layin gawayi, siffar mutum ba fuska. Shekara guda Bara'atu tana zagaye wurin. Duk ranar da ta ɗebo fenti za ta fara, sai ta mayar da buroshin ta ajiye.

A tsakiyar lilon kuwa wani dogon mutum ne tsaye, ya ɗan ba da baya, yana riƙe da doguwar igiyar jan dokin da hannun hagu. Shi an gama shi tsaf, har jijiyoyin damtsensa.

"Wane ne wanga?"

Bara'atu ta sunkuyar da kai.

"Sahabi gajere ne, kuma bai taɓa riƙe komai da hagu ba. Na ce wane ne bahagon nan?"

"Kawu Uwaisu ne, mai doki!" in ji Aziza tana tsalle. "Ya taɓa ɗora ni kan Ɗan Ja, ban ji tsoro ba!"

Iya ta saki hannun yarinyar a hankali. Ta kai yatsa ta shafa layin gawayin, baƙin ya kama fatarta. Da ta juyo, idanunta sun cika.

"Ashe gaskiya aka faɗa min. Ɗana bai samu ko ido ɗaya ba a wurinki, ga wani ƙato kin ƙawata shi har farce."

"Iya, wallahi ba mantawa na yi ba. Kasa yi na yi. In na zo kan fuskarsa..."

"Ya ishe ni. Ina Malam?"

Bayan azahar aka kira Bara'atu falo. Malam yana zaune kan darduma, Iya kan kujera. Abdulrasheed, ƙanin Sahabi, ya takure a bakin ƙofa yana juya makullin mota a hannu.

Iya ba ta yi kwana-kwana ba.

"Ban hana ki aure ba, yarinya ce ke. Ga Abdulrasheed nan, bai taɓa aure ba, yana da aikinsa na gwamnati, ɗakin wansa yana nan yadda kika bar shi. Ki dawo gidanki, ɗiya ta tashi gaban ƙanin ubanta. In kuwa mai dokin kike so, Allah ya sa alheri. Amma jinin Sahabi ba zai tashi a barga yana kwasar kashin doki ba. Ita kaɗai ya bar min."

"Iya, shekararta biyar. Ba ta iya barci sai ta riƙe yatsana."

"Za ta saba da nawa."

Bara'atu ta juya wurin mahaifinta hawaye na zuba.

"Baba, ka ce wani abu. Kai ka sani, ko a shari'a ba haka ake raba uwa da 'ya ba."

Malam ya cire tabarau ya murza idanu.

"Kotu kike so mu shiga da gidan Alhaji Bashir? Mutumin da muka yi shekara talatin a ofis ɗaya, na sallaci gawarsa, na sallaci ta ɗansa? Ba da raina ba. Yaron nan na Bungudu na bincika, ban ji an aibata shi ba. Amma dawakan da yake horarwa na mutane ne. Ranar da doki ya karya masa ƙafa, me za ku ci? Kin riga kin ga yadda rashin miji yake."

"Baba..."

"Ki je ki yi tunani. Baƙinmu suna nan gidan 'yar'uwarsu har gobe."

Ta fito tana haɗa hanya. A soro Abdulrasheed ya cim mata.

"Anti Bara'atu, don Allah minti ɗaya."

"Har yanzu Anti kake ce min, kuma kana zaune ana ɗaura min kai?"

Ya ce, "Tun da Yaya ya rasu Iya ba ta ƙara cin abincin kirki ba sai ranar da ta ji muryar Aziza. Na gwada yi mata magana, kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Ni ma ba a tambaye ni ba."

"To ka ce ba ka so mana!"

Ya ɗago ya dube ta, karo na farko tun zuwansu.

"Ba zan yi ƙarya ba. Da ba na so, da abin ya zo min da sauƙi."

Ya fice ya bar ta jingine da bango.

Washegari da safe ta ce wa Innarta za ta gidan Luba. Ta bar Aziza tana shan koko a tsakar gida, ta ce mata yanzu za ta dawo. Ita da Luba suka hau motar Bungudu.

Bargar tana bayan gari, wani fili ne da aka kewaye da itace, duwatsun Kwatarkwashi suna can nesa. Sun tarar da Uwaisu tsaye a tsakiya, igiya a hannunsa, wata baƙar goɗiya da ba a taɓa ɗora wa sirdi ba tana zagaye shi tana huci. Ba ya ɗaga bulala. Harshe kawai yake kaɗawa, in ta yi sauri ya sassauta murya, in ta tsaya ya taka taku ɗaya wajenta.

Da ya hango su ya tsayar da ita, ya shafa wuyanta, ya ɗaure ta a turke. Luba ta ja gefe ta zauna kan damin harawa.

"Malama, lafiya? Idanunki sun kumbura."

Ta faɗa masa komai, tun daga yatsan Iya a kan gawayin har maganar Malam. Yana saurare yana naɗe igiyar a gwiwar hannu. Ya gama naɗewa, ya warware, ya sake naɗewa.

"Ka yi magana mana, Uwaisu. Ka ce min abin da za mu yi. Ka tura manyanka Tsafe, ko mu nemi wani malami da Iya ke jin maganarsa. Ni na yarda in jira shekara, ko biyu."

"In an jira shekara biyun, za ta bar miki yarinyar?"

"Ban sani ba."

Ya zauna kan kwamin ruwan dawakai, ya kafe ƙasa da ido.

"Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ni da Luba uba muka haɗa. Ina da shekara shida mahaifiyata ta sake aure, dangin babana suka je Karakkai suka ɗauko ni. A bayan keke aka goyo ni. Ina waiwaye, tana biye da mu ba takalmi, har ta gaji ta zauna a tsakiyar hanya. Ban ƙara ganinta ba sai da na yi gemu."

Bara'atu ta toshe baki da hijabi.

"Mijin da ta aura mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Har ya mutu ban taɓa gaishe shi ba. Kullum gani nake shi ya saye min uwa." Ya ɗago kai. "Ba na so Aziza ta girma tana yi min irin wannan kallon."

"Me kake nufi?"

"Ki riƙe 'yarki, Bara'atu."

"Ni kuma fa? Ni ba mutum ba ce?" Kukan ya ƙwace mata. "Iya ta yanke nata, Baba ya yanke nasa, na taso tun daga Gusau wurin mutum ɗaya da nake zaton zai tambaye ni me nake so, kai ma ka yanke naka! Fiye da shekara ina zaune kamar gawa a gidanmu. Sai da na zo filin nan na tuna ina iya dariya. Yanzu ka ce in koma ɗakin da aka fitar da gawar mijina, in kwana da ƙaninsa?"

"Ban ce ki auri kowa ba."

"Ai duk ɗaya ne! Ƙofa biyu suka ba ni, ka rufe ɗaya."

Ya miƙe, idanunsa jajur.

"Kina zaton da sauƙi nake faɗa? Na gama ginin ɗaki. Na fitar da babbar taga ta gabas don ki samu hasken zane. Kullum da asuba sai na shiga na tsaya a ciki. Wallahi ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda nake son ki shiga ɗakin nan ba. Amma in kin shiga ba Aziza, kuka za ki yi ta yi a gaban tagar, ni kuma ina kallo."

"To ka yi faɗa domina! Ko sau ɗaya!"

Goɗiyar ta yi haniniya tana fizgar turke.

Bara'atu ta share fuska, ta juya.

"Luba, tashi mu tafi."

Ana kiran la'asar ta shiga gida. Tsakar gidan shiru. Takalman Aziza na makaranta ba sa bakin ƙofa inda take zubar da su. Innarta tana zaune kan tabarma ta rafka tagumi.

"Inna, ina Aziza?"

Inna ta fashe da kuka.

"Sun zo sallama da azahar. Iya ta ce a ba ta ita ta yi mata kwana biyu. Na ce a jira ki dawo, Malam ya ce kakarta ce, ba a hana kaka jikarta. Har kayan makarantarta suka haɗa."

Bara'atu ta ruga ɗaki. Akwatin yarinyar babu. Ta fito ta yi falo ba ko sallama.

"Baba, ka ba su 'yata?"

Malam bai iya haɗa ido da ita ba.

"Iya ta tambayi inda kike. Aka kira gidan su Luba, aka ce kun tafi Bungudu. Da wane baki zan hana ta?"

Ta kira lambar Iya, ba a ɗaga ba. Ta kira Abdulrasheed, a kashe. Ta zari jaka za ta tasha, Malam ya daka mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba tun tana ƙarama.

"Ba inda za ki! Mace ita kaɗai a hanyar Tsafe da yamma? In kin taka ƙofar nan ban yafe ba."

Ta zube a soro. Ta kira Uwaisu.

"Sun tafi da ita. Ina wurinka suka tafi da ita."

Ta ji numfashinsa kawai, sai wayar ta katse.

Ta zauna a nan, jakar tana kan cinyarta. Inna ta kawo mata ruwa, ba ta taɓa ba. Inuwar katanga ta tsallake tsakar gida ta hau bangon kicin. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta ɗaga kai.

Rana ta yi ja lokacin da wayar ta yi ƙara. Abdulrasheed ne.

"Ina 'yata? Ka ba ni ita!"

"Tana lafiya, tana ɗakin Iya. Anti, ki saurare ni. Akwai wani mutum a gidanmu, a kan babur ya zo, duk ƙura. Ya ce sunansa Uwaisu."

Ta miƙe tsaye.

"Me ya zo yi?"

"Tun da ya shigo yake durƙushe gaban Iya. Ya ce ya janye. Ya rantse ba zai ƙara zuwa inda kike ba, a mayar miki da yarinyar gobe da safe. Kuka yake, Anti. Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka haka ba."

"Me Iya ta ce?"

"Ta ce ba daga bakinsa take son ji ba. Ga ta."

Aka yi ƙaramar hayaniya, sai muryar tsohuwar ta fito, a gajiye.

"Ina jin ki."

Can bayanta Bara'atu ta jiyo Aziza. Ba ihu take ba, irin kukan nan ne na yaron da ya gaji da kuka, tana cewa a kai ta wurin Umma.

"Iya, ki ba ta wayar in lallashe ta. Don girman Allah."

"Za ki lallashe ta. Ki fara ba ni amsa. Ga shi nan gabana, na buɗe wayar yana ji. Kin bar shi, ko ba ki bar shi ba?"

Bara'atu ta dafa bango. Inna tana tsaye a bayanta, Malam ya fito bakin falo da carbi a hannu.

"Faɗa mata, Bara'atu." Muryar Uwaisu ce, daga nesa. "Ki faɗa. Na yafe."

Ta runtse ido.

"Na bar shi."

Sannan ta ji motsin tashin mutum, da takun ƙafa yana nisa, da ƙarar ƙyauren gidan da ta sani sarai.

"Iya, na faɗa. Gobe a kawo min ita."

Tsohuwar ta ja dogon numfashi.

"Rabin magana kika faɗa, ɗiyata. Sauran rabin ba a yin shi a waya. Ranar Juma'a ki zo da ƙafarki, ke da Malam, ki faɗa gaban Abdulrasheed. Aziza tana nan tana jiran ki."

Wayar ta mutu a kunnen Bara'atu.